Uzurin da Na Kai da Ƙafa

A wajen sunan jikar wani abokina a Catford, a nan London, aka ɓata mini rai, kuma har yau ɓacin bai gama sauka ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Muna falo an kawo masa da miyar taushe, sai Nura, ɗan ƙanwar matata, wanda ke aikin haɗa magunguna a wani kemis a Edmonton, ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Kawu, na yi apply fa. Irin naka. Officer na part-time."

Na ce, "Madalla. Ka shirya?"

"Ai ba wani abu ba ne, Kawu. Tuesday da yamma, weekend jefi-jefi, sai camp na sati biyu. Kamar gym ne, sai dai su ke biyanka."

Abokinsa da ke gefe, bakinsa cike da masa, ya ce, "Sojan weekend ke nan. In yaƙi ya tashi ran Laraba sai a ce wa abokan gaba su yi haƙuri zuwa Asabar."

Aka yi dariya, har da dattawan da suka san ni. Na ci gaba da cin masata, don gidan mutane ne. Amma shekara goma sha tara na yi a wannan aikin da ake wa dariya, na fita da muƙamin kyaftin, kuma abu ɗaya da na shiga dominsa ban taɓa samunsa ba. Ina so Nura da ire-irensa su san yadda aka yi.

Ga wanda zai karanta wannan a Kano ko Damagaram, ga yadda abin yake. A ƙasar nan akwai sojojin ko-ta-kwana. Mutane ne masu sana'arsu: direban bas, lauya, mahauci, malamar asibiti. Da rana suna aikinsu, a wasu ranaku kuma su sa kaki su yi atisaye, in an buƙace su a kira su. Su ma suna da hafsoshinsu, kuma hafsan shi ma da sana'arsa. Tawa sana'ar tafinta ce. A Fagge aka haife ni. Faransanci a Maraɗi na tsince shi ina bin mahaifina fatauci, na gyara shi a Abidjan a wani ofishin jiragen ruwa. Larabci a Khartoum na karanta shi, na ƙara da shekara biyu a Jidda ina hidimar alhazai. Da na zo London sai na riƙa fassara a kotuna da asibitocin kuɗi na Marylebone, inda manyanmu da Larabawa ke zuwa ganin likita. Saboda haka da na shiga soja na san abin da nake nema. Akwai ƙaramin sashe na masu harsuna, waɗanda ake tafiya da su duk inda soja zai yi magana da mutanen da ba ya jin yarensu. Can nake so. Ku riƙe wannan.

Kayan aikin da na fi amfani da shi a shekarun nan kalanda ce. Ta wani mahauci ce da ake rabawa kyauta, tana rataye a kicin ɗin matata Asabe kusa da firji. Duk farkon shekarar horo ana ba ka jerin ranaku, sai in zauna da biro kore in cike su. Yammacin kowace Talata kore. Ƙarshen mako ɗaya ko biyu a wata kore. Sati biyu a jere na zaman daji kore. Bayan na gama sai Asabe ta zo da nata jan biro ta nemi inda ya rage ta sa haihuwa da awo da taron makarantar yara. Suna da ɗaurin aure da rasuwa kuwa ba sa neman izinin kalanda. Sallah ta fi su duka wahala. Bature yana so ka gaya masa ranar Sallah wata shida kafin ta zo. Ka ce masa ko Talata ko Laraba, sai an ga wata, ya dube ka kamar kana masa shaƙiyanci. Na yi Sallah a cikin rami, ruwa har idon sawu, da biskit na yi buɗa-bakin ƙarshe, na yi wa kaina barka da Sallah.

Abin da takardar talla ba ta gaya wa Nura ba shi ne kwanakin da take lissafawa na kurtu ne. Kurtu ya zo ƙarfe bakwai da rabi, ya yi abin da aka ce, ya tafi gida. Hafsa shi ne wanda ya ce. Darasin sa'a biyu na Talata, ranar Lahadi kake shirya shi. Ranar Litinin kana cin abincin rana da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya kana bin mutum talatin ɗaya bayan ɗaya, wa zai zo, wa maigidansa ya hana shi, wa matarsa ta ce ya zaɓa ko ita ko kaki. Kowane soja sai ka rubuta masa rahoton shekara. Ko gudu za ku yi a filin unguwa sai ka cike takarda ka faɗi abin da za ka yi in wani ya karye. Duk wannan ba ya cikin kalanda, ba kuma wanda ya taɓa kiransa horo. A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na rubuta rabin rahotannina, a kan gwiwa.

Wanda ya koya mini aikin Saje Doyle ne, mai gyaran bututun gas da rana, gajere, jan fuska. Ranar farko ya zazzage jakata a ƙasa a gaban mutane, ya tsince biro uku ya jefar. Ya ce biro mutuwa yake yi a ruwan sama, fensir ba ya mutuwa, kuma a fiƙe shi ta kai biyu. Ya sa na ɗaure kamfas, abin nuna gabas da yamma, da igiya a aljihun riga. Ya nuna mini yadda ake naɗe taswira ya zama wurin da kake buƙata kaɗai ke sama. Safa busasshiya guda biyu a cikin leda, ko da za ka bar abinci. Ya ce, "Ranar da ka zama hafsa zan sara maka, ranka ya daɗe. Amma ko a ranar, sai kowa ya ci za ka ci, sai ka duba ƙafar kowa za ka cire takalminka." Na yi wa malamai hidima a Khartoum, na yi wa Faransawa a Abidjan, ban ga wanda ya fi Doyle rashin kunya ba, ban kuma ga wanda ya fi shi gaskiya ba.

Horon zama hafsa ya ci mini fiye da shekara. Juma'a ƙarfe biyar in fito daga kotu da kwat, in shiga tube da jaka mai nauyin buhun gero, ƙarfe bakwai motar soja ta kwashe mu. Lahadi da yamma a sauke mu kamar tsumma. Litinin ƙarfe tara ina tsaye tsakanin likitan zuciya da maras lafiya, kuma kalma ɗaya in na kuskure ran mutum ne. Wata Hajiya daga Sakkwato ta taɓa ƙura wa farcena ido tana kwance, ta ce, "Malam tafinta, noma kake yi a London?" Laka ce ta dajin Wales, ta ƙi fita. Bayan waɗannan ƙarshen makon sai makonni a jere a makarantar hafsoshi, ba fita. Wannan shi ne gym ɗin Nura.

Kuskurena na farko wajen rabon fanni na yi shi. A gida mun saba turi daga sama yake zuwa. Ka gama kwas, ka koma gefe, a liƙa sunaye a allo, ka ga inda aka jefa ka. Mai yawon bin ofisoshi yana cewa a ba ni wuri kaza, sunansa maroƙi. Nan kuwa ashe haka ake yi. Abokan horona tun ana tsakiyar kwas suke zagaya barikoki da yammacin Talata, su sha shayi da kwamanda, su ce ga ni, ina son wurin nan. Ni ina ganinsu ina raina su a zuci. Na rubuta harsunana huɗu a takarda, na ce ai masu ido ne, za su gani.

Mai kula da rabon wata mace ce, Manjo Whitlock, doguwa mai furfura, ba ta ɓata magana. Ta kira ni ofis ta ce, "Wace runduna ka je ka gani?"

Na ce, "Babu, ranki ya daɗe. Ina jiran inda za a tura ni."

Ta ajiye biro. "Wa zai tura ka?"

Nan ta yi mini bayanin da ya kamata in ji tun shekara guda baya. Abu uku ake dubawa: inda gurbi yake, nisan wurin da gidanka, da kwamandan da ya ce yana sonka. Abin da kai kake so shi ne na huɗu, abin da ka iya kuma yana iya zama na biyar. Sashen harsuna gurbinsa kaɗan ne, kuma an cike. Wurin da ya rage kusa da gidana a Edmonton rundunar sufuri ce. Haka mai harshe huɗu ya zama mai kula da manyan motoci. Na yi fushi da tsarin, har yau ina ganin wauta ce a sa mutum ya yi tallan kansa kamar mai sayar da turare kafin a dubi abin da ya iya. Amma tsarin bai ɓoye kansa ba. Ni ne ban tambaya ba.

Kada wani ya ɗauka sufuri wasa ne. Na tuna wata Juma'a da aka ce in kai motoci takwas filin atisaye, tafiyar sa'a huɗu. Direban da na fi yarda da shi Kemal ne, Baturke maƙwabcina, wanda ke tuƙa bas tun ina Abidjan. Ya iso da kakinsa a goge, na buɗe littafin awoyinsa, sai na ga ya cinye awoyin tuƙinsa na mako a kan bas. Doka ba ta raba bas da motar soja, gajiya ɗaya ce. Na ce ba zai tuƙa ba. Ya zage ni da Turkanci, yana zaton ba na ji, na amsa masa da ɗan abin da na koya a shagon ƙanensa. Direbobina uku haka suke, duk masu tuƙi ne da rana. Waɗanda awoyinsu ke nan cif su ne lauya ɗaya, da mai sayar da inshora, da wata yarinya mai gyaran haƙori, waɗanda sau ɗaya a wata suke taɓa babbar mota. Na zauna a kan taya da fensirin Doyle na sake tsara komai: wa zai ja gaba, ina za a tsaya, wa zai zauna gefen wa. Kemal na sa shi gefen lauyan, yana masa ihu duk hanya. Mota takwas suka fita, takwas suka isa, babu wanda ya ce sannu. A sufuri in ba a ambaci sunanka ba, to ka yi aiki.

Shekara shida ina haka, sai Manjo Whitlock ta neme ni. A lokacin an mai da ita sashen harsuna, ita ke riƙe da kwas ɗin shiga. Ta ce gurbi ya samu. Na yi jarrabawar Larabci da Faransanci na wuce. Abin da ya rage kwas ne na sati biyu, sau ɗaya ake yinsa a shekara, a wani bariki tafiyar sa'a uku a jirgin ƙasa, kuma a kai rahoto ranar Asabar ƙarfe goma na safe. Ta ce, "Wannan karon ni na ƙwanƙwasa maka ƙofar. Akwai mutum uku a bayanka suna jiran ka yi tuntuɓe." Na zagaye sati biyun nan a kalanda har biron ya huda takarda. Na miƙa wa wani tafinta duk marasa lafiyata. Tun Laraba jakata take bakin ƙofa.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci ina cire takalmi, waya ta yi ƙara.

"Isiyaku? Ni ne, Ila. Ga mu a filin jirgi. An ce nan ne London."

Alhaji Ila aminin mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni, a gidansa na ci na sha shekara bakwai, shi ya tura ni Khartoum. Ba ya jin ko gaisuwa da Turanci. Ciwon ƙoda ya kawo shi, an yi masa booking da likita a Marylebone ranar Asabar da safe, shi da ƙaramin ɗansa wanda bai taɓa wuce Kaduna ba. Ba wanda ya sanar da ni, don a wurinsu ba a sanar da ɗa cewa uba zai zo.

Na ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ku zauna inda kuke, ga ni nan."

"Ba mu katse maka wani aiki ba ko?"

"Haba Baba. Wane aiki?"

Asabe tana tsaye tana jina. Na ajiye waya, ta nuna jakar da haɓa. Ta ce, "To ita wannan fa?"

"Zan je ran Litinin. Kwana biyu ne, farkon kwas rabon ɗaki ne da surutu."

"To kira matar ka gaya mata."

"Ba a gaya wa babba irin wannan ta waya."

"Malam, Baturiya ce fa."

"Baturiya ko ba Baturiya ba, ita ta nema mini wurin nan. In ɗaga waya in ce mata ba na zuwa, kamar ina sallamar mai kawo madara? Da ƙafata zan je, in tsaya gabanta, in ba ta haƙuri."

Ta ce, "Allah ya sa ta san haka." Ta koma kicin ta ɗora tukunyar baƙi.

Ina so matasa su fahimci cewa ba mantuwa na yi ba, ba kuma tsoro na ji ba. Ladabi na yi, irin wanda aka koya mini da bulala. A Fagge in ka saɓa wa babba alkawari ba ka aika yaro, ba ka rubuta wasiƙa. Kai kanka kake kaiwa, ka durƙusa, ya ga fuskarka, ya yi faɗansa, ya yafe. Tafiyar da ka yi ita ce rabin ban haƙurin. Waya kuwa ta masu raini ce. Da wannan tunanin na kwana, wayar tana aljihuna, lambar Manjo tana ciki.

Asabar da Lahadi a asibiti muka yi su. A lokacin ba sa barin waya a kunne a ɗakin marasa lafiya, na kashe ta. Asabe ma tana can da kwanukan abinci, gida ba kowa. Na fassara wa Alhaji duk abin da likita ya ce, na fassara wa likita rabin abin da Alhaji ya ce, don sauran rabin ƙorafi ne a kan shayinsu. Litinin da asuba na sa kakin da na goge har karinsa na iya yanka, na ɗauki jaka, na hau jirgi.

A ƙofar bariki mai gadi ya bi jerin sunaye da yatsa sau biyu. Ya ce babu ni. Na ce ya kira Manjo. Ta fito da kanta, na ƙame na sara mata, na fara jawabin da na shirya a jirgi. Ta bar ni na kai ƙarshe.

Ta ce, "Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi, ranki ya daɗe."

"Madalla. Ranar Asabar na jira ka har sha biyu. Na sa aka kira wayarka, a kashe. Aka kira gidanka, ba a ɗauka ba. Ƙarfe biyu na kira na bayanka, kafin magariba ya iso daga Leeds. Yana ɗakinka yanzu. Me ya hana ka kira ni ranar Juma'a?"

"Na ga bai dace in gaya miki ta waya ba. Shi ya sa na zo da kaina."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Laftanar, da ka kira ni ko minti ɗaya ne, da na rubuta matsalar iyali, na ajiye maka gurbin baɗi. Kowa yana da iyali, muna da layi a takarda domin wannan. Abin da aka rubuta yanzu shi ne bai zo ba, bai yi magana ba. Ya riga ya wuce teburina, ba ni da ikon goge shi. Kuma ka san aikin da kake nema. Mutum ne za a ajiye tsakanin kwamanda da baƙi, a dogara da cewa zai isar da magana a kan lokaci."

Na sara mata, na juya. Ko shayi ban sha a barikin ba. Sa'a uku na zo, sa'a uku na koma, da jakar da ban kwance ba.

Daga tasha asibiti na wuce, da kakin a jikina. Alhaji Ila yana zaune a kan gado yana jan carbi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yau kuma yaƙi aka yi?" Ban yi niyyar faɗa masa ba, amma ya matsa, na faɗa. Ya ajiye carbin.

"Kai, Isiyaku! Kai wane irin mutum ne? Na tambaye ka ko da aiki, ka ce babu."

"Baba, ai ba zan ce maka ina da aiki ba."

"To ga ɗan Hajiya Kulu nan a garin nan, likita ne ma, lambarsa tana aljihun rigata. Uwarsa ta ce shi zan kira. Ni na ce a'a, in Isiyaku ya ji a bakin wani cewa na zo ban neme shi ba, zai ce na raina shi. Don in girmama ka na kira ka, ɗan nan."

Ya girmama ni, na girmama shi, na girmama Manjo, kuma a tsakanin girmamawar nan uku aikin da na yi shekara shida ina jira ya tafi Leeds.

Wannan ne yake ci mini rai har yau. Na san yadda ake ba da uzuri a ƙasa huɗu. Basudane sai ka zauna ka sha shayinsa, ka tambayi lafiyar kowa har awaki, sannan ka kawo maganar. Bafaranshe takarda yake so, da sa hannu da kwanan wata. A Jidda wani kake nema wanda ya san wani. Bahaushe ƙafarka yake son gani. Bature kuwa bai damu da ƙafarka ba, bai damu da kakin da ka goge ba. So yake ya sani kafin lokaci, ko da a tsaye kake a bakin titi, ko da kalma biyar ce, don akwai gado da abinci da malami da wani mutum a Leeds da duk suke rataye a kan amsarka. Shekara goma ina cin abinci da fassara maganar Bature, ban fassara wannan ba. Da na gaya wa Doyle, cewa ya yi, "Harshe huɗu, ranka ya daɗe, ka rasa wanda za ka ce ba zan samu zuwa ba da shi?"

Na sake nema sau biyu. Duk lokacin layin nan yana gabana, bai zo ba, bai yi magana ba. Kafin ya tsufa a fayil, Manjo Whitlock ta yi ritaya, ni kuma an ƙara mini girma a sufuri, babu gurbin mai irin muƙamina a sashen harsuna. A shekarar da na rasa kwas ɗin kuma marasa lafiyar da na miƙa wa wancan tafintan suka ga ya fi ni samuwa, rabinsu ba su dawo ba. Sau ɗaya aka yi amfani da harshena a soja. Muna wani atisaye da sojojin wata ƙasa masu Faransanci, tafintan da aka kawo ya kasa gane lafazin kwamandansu, aka aiko a kira ni daga wajen shan mai. Na fassara minti arba'in da ƙanshin dizal a hannuna. Kanar ya ce aikina ya yi kyau, ya tambayi me ya sa ba na sashen harsuna. Na ce dogon labari ne. Na koma wajen mai.

Sati biyu bayan sunan nan na Catford, Nura ya zo gida gaishe da innarsa. Yana shan kunu ya ce an ba shi ranar gwaji, Asabar mai zuwa, amma mai kemis ɗinsu ya tafi Umra, ba wanda zai riƙe shago sai shi.

Na ce, "Ka gaya musu?"

"A'a, Kawu. Zan je next week in same su face to face in yi musu explaining. In yi cancel ta waya ai sai su ga kamar ban ɗauki abin serious ba. Umma ma cewa ta yi in je da kaina ya fi mutunci."

Na tashi na murɗa makullin ƙofar falo, na sa shi a aljihu. Ya yi dariya, ya ga ba dariya nake ba.

Na ce, "Fito da wayar."

"Kawu, yanzu?"

"Ba ka fita gidan nan sai ka kira. In ka gama kuma ka tambaye su waɗanne barikoki ne ke da gurbin masu magani, ka je ka gan su da Talatar nan, ka sha shayinsu ko ba daɗi. Can ake kai ƙafa. Kira."

Ya kira. Ina kallon agogon bango. Wata mata ta ɗauka, ya yi in-ina, ya faɗi abin da ya faru. Na ji muryarta daga inda nake zaune, ta ce ba komai, ta gode da ya sanar da wuri, ta mai da shi wata mai zuwa. Minti biyu bai cika ba. Ya ajiye wayar yana murmushi ya ce, "Ka ga, Kawu? Easy."

Da na buɗe baki da na faɗi abin da innarsa ba za ta so ba. Na ciro makullin na jefa masa. Asabe tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, kusa da inda kalandar take rataye. Ta dubi Nura, ta dube ni.

Ta ce, "Ashe ka iya cewa a kira."